Rakoda Mai Lamba Huɗu

Ranar Talata aka ba da rahoton satar rakoda guda ɗaya a jami'a. Kafin azahar an kulle ƙaramar ƙofar da mutanen unguwa ke bi su je asibitin ciki. Shekara uku aka yi ana taro kafin a buɗe ƙofar nan. Rufe ta bai ci minti biyar ba.

Sufeto ya isa Cibiyar Hulɗa da Al'umma da ƙarfe goma, Kofur na biye da shi da littafi a hannu. Ofis ne mai sanyi, bangonsa cike da hotunan manyan malamai suna gaisawa da talakawa. A kowane hoto malamin na kallon kyamara, talakan na kallon malamin.

Daraktan cibiyar ya tarye su a tsaye.

"Muryoyin dattawa arba'in, Sufeto. Tarihin unguwar nan kaf, tun kafin a gina jami'a. Shekara guda muna bi gida-gida, kuma duk a cikin wannan rakodar muka tara. Ranar Juma'a masu ba da tallafi za su zo su saurara. Me zan kunna musu?"

"Wa kake zargi, ranka ya daɗe?"

"Ni ba na zargin kowa. Amma makullin kabad biyu ne. Ɗaya na hannun ma'aikacinmu, ɗaya na hannun matar da muka ɗauko daga unguwa tana yi mana jagora. Tana caji ofis ɗinku tun safe. Na yi magana da oganka, ya ce in rakodar ba ta fito zuwa Alhamis ba, kotu za a kai ta."

Sufeto ya buɗe kabad ɗin. Ba a fasa komai ba. Rakoda biyar na jere, kowace da lambarta, gurbin ta huɗu babu komai. A ƙasansu ga sabuwar kyamara, ga kwamfuta a cikin jakarta.

"Yallaɓai," in ji Kofur a hankali, "ɓarawon nan ko dai waliyyi ne, ko wawa."

Hankalin Sufeto na wani wurin. Sabon labulen taga yake kallo. An kalmashe gindinsa da ɗinkin hannu mai kyau, ɗaya bayan ɗaya kamar an auna, amma a tsakiya ɗinkin ya tsaya. Allura na nan a soke, zare na lilo. Ya cire ta ya soke a bakin aljihunsa.

Ma'aikacin da ke riƙe da makulli na biyu wani siririn mutum ne da ake kira Injiniya, ko da yake aikinsa bai wuce jona waya da sauya batir ba. A ɗakinsa suka same shi, yana goge allon da ba shi da datti.

"Ka kulle kabad jiya?"

"Kullum ina kullewa, yallaɓai."

"Ban tambaye ka kullum ba."

Injiniya ya ajiye tsumman. "An kira ni gyaran lasifika a babban ɗakin taro. Na manta makullin a jiki. Bai wuce awa ɗaya ba."

"Wa ke ofishin a lokacin?"

"Ana ta gyare-gyare saboda baƙi. Ban lura ba."

"To, kunna min kwafin muryoyin in ji."

"Kwafi?"

"Mutumin da ke da kwamfuta uku ba ya ajiye aikin shekara a cikin abin da bai kai sabulu girma ba. Kunna min."

Injiniya ya dubi ƙofa, ya dubi Kofur, sannan ya sassauta murya. Duk hirar da aka ɗauko, a ranar yake juye ta cikin kwamfuta, ya goge rakodar don aikin gobe. Wata uku da suka wuce kwamfutar ta ƙi tashi. Aka kai ta gyara, mai gyara ya share ta tas. Dattawa arba'in suka tafi a yini ɗaya.

"Darakta ya sani?"

"Shi ya ce in yi shiru, Allah zai kawo mafita."

"Ga shi kuwa ya kawo," in ji Sufeto.

A waje Kofur ya kasa haƙuri. "Darakta ne ya ɗauke abinsa, yallaɓai. Ya rasa abin da zai nuna wa baƙi, sai ya ƙirƙiro ɓarawo."

"Da shi ne, da duka shidan zai kwashe, ya fasa taga, ya kuma rubuta maƙala a kai. Shi dai ya tsinci dami a kala. Wanda ya ɗauki wannan abin ya yi imani akwai wani abu a ciki."

A caji ofis, matar na zaune kan benci a bayan kanta, ta ɗora jakarta a cinya kamar mai jiran mota. Ungozoma ce, ta haura hamsin. Rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya, shi ya sa jami'a ta ɗauke ta. Babu ƙofar da ba a buɗe mata, malamai kuwa suna shiga a bayanta. A rahoton cibiyar, an sa ta a shafi na ƙarshe, ƙarƙashin direba.

"Inna, me ke cikin rakoda mai lamba huɗu?"

"Iska. Duk wanda ya yi aiki da ita ya san ana goge ta kullum. Muryoyin suna cikin kwamfutarsu."

Sufeto bai gyara mata ba.

"Ke kike aiki da ita?"

"Ni. Ita ce mai tsagaggen gefe, na naɗa mata jan salatif. Masu digiri sun zaɓi sababbi, suka bar min tsohuwa. Dama mun dace."

"Cikin waɗanda kika ɗauka da ita, akwai wanda ya rasu?"

"Tsofaffi ne, ɗana. Aikinsu ke nan."

"Akwai wanda ya taɓa tambayar ki ita?"

"Babu."

Amsar ta zo da wuri, tun bai rufe baki ba.

"Wa ya ɗinka labulen ofis?"

Ta gyara zaman jakarta. "Ni haihuwa nake karɓa. Ban san ɗinki ba."

"Kin san wanda ya yi tari a kowane gida na unguwar nan, amma ba ki san wanda ya shiga ofishinku da labule ba?"

"Ido ya fara rauni."

"Inna, jibi kotu ce. Ko an sake ki, sunan ya manne. Babu matar da za ta sake barin ɓarauniya ta shiga mata ɗaki tana naƙuda."

Ungozoma ta dubi ƙasa.

"Na ji," ta ce. "Akwai ruwan sha?"

Mai gadin ƙaramar ƙofa yana zaune gaban kwaɗon da aka ba shi ya tsare. Daga bayan shingen wata mata mai ciki tana tambayar sa ta ina za ta bi zuwa asibiti, yana nuna mata hanyar babbar ƙofa, tafiyar rabin awa a rana.

Sufeto ya karɓi littafin baƙi ya riƙa juyawa baya. Mutum ɗaya ya bayyana sau huɗu cikin wata biyu. Sana'a: tela. Dalili: ganin Darakta.

"Ya gan shi?"

"A'a, yallaɓai. Ba shi da takardar izini."

"A ina ake samun takardar?"

"A ofishin Darakta."

Kofur ya juya baya yana tari.

"Jiya fa?"

"Jiya da izininsa ya zo. Cibiya ta ba shi aikin labule, wai ana tallafa wa masu sana'ar unguwa. Har hoto aka ɗauke shi a nan. Ungozoma ce ta kawo sunansa, ta ce tun rasuwar matarsa ba ya samun aiki."

"Yaya ya fita?"

"Tsohon nan ba ya wuce ni sai ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Jiya ko sallama bai yi ba."

Shagon telan ɗaki ne guda a bakin layi. Keken ɗinki baƙi, mai feda, zanen jikinsa ya goge saboda shafar hannu. Tsohon na zaune a bayansa, ba ya ɗinki. A cikin kwandon ƙyallaye Sufeto ya hangi kwalayen batir uku, duk sababbin yaga.

"Sannu, Baba. Rediyonka na cin batir haka?"

"Yana ci."

"Ina rediyon?"

"Na kai gyara."

"Jiya ka yi aiki a jami'a?"

"Na yi, na gama, na dawo."

Sufeto ya zare allurar daga bakin aljihunsa ya ajiye ta a kan keken. "Shekara nawa kana ɗinki?"

"Arba'in da biyu."

"A cikinsu sau nawa ka bar allura a jikin aikin mutane?"

Tsohon ya dubi allurar, bai taɓa ta ba. "Tsufa ne."

"To shi ke nan. Mu dama mun sami ɓarauniyarmu. Ungozoma na bayan kanta tun safe, jibi za a kai ta kotu. Mun tambaye ta wa ya ɗinka labule, ta ce ba ta san ka ba. Tashi mu je, Kofur."

Ba su kai ƙofa ba suka ji ƙarar aljihun keken. Tsohon ya fito da wani ƙunshi na farin yadi, ya warware shi a hankali. Rakodar ce, jan salatif ɗin na nan a gefenta.

"Ku sake ta. Ba ta san komai ba. Ko ta sani, ba ita ta ɗauka ba." Ya miƙa wa Sufeto da hannu biyu. "Yaro, kai ka yi boko. Kwana guda ina dannawa, na sauya batir sau uku. Kunna min kafin mu tafi."

Sufeto ya karɓa, bai danna komai ba.

"Me ya sa ita, Baba? Ga sababbi biyar a gefenta."

"Ita aka ajiye a nan." Ya dafa kan keken. "Awa guda tana nan, mai ɗakina tana yi mata magana. Suka zo su huɗu, da Ungozoma da ɗalibai. Suka ce abin da aka faɗa za a adana shi shekara ɗari, jikoki su ji. Ta ba su labarin yadda aka tashe mu daga filin da aka gina jami'ar. Duk daidai ta faɗa. Sai ta zo kan keken nan. Ta ce bayan an tashe mu na yi shekara a zaune ba aiki, ita ta sayar da awarwaron da uwarta ta bar mata, ta sayo min shi."

Kofur ya daina rubutu.

"Yara masu karatu suna kallo na. Sai na ji kunya ta kama ni. Na ce, ku rabu da ita, tsufa ne ya fara taɓa ta, da gumina na sayi kekena. Suka yi dariya. Ta ce, to Malam, yadda ka ce. Ba ta ƙara cewa komai ba har suka tafi. Na ce gobe zan ba ta haƙuri. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Sati uku tsakani ta kwanta, ba ta tashi ba."

"Shi ya sa kake neman Darakta."

"Sau huɗu. Ba kuɗi nake nema ba. So nake a buɗe min wurin, in ƙara magana ɗaya a ƙarshen tata. Kada a yi shekara ɗari ana jin ta a matsayin ruɗaɗɗiya. Jiya ina kalmasa na ɗaga kai, sai ga makulli a jikin kabad, ga jan salatif yana kallo na."

Sufeto ya taɓa gaya wa mutane mutuwar 'ya'yansu. Ya san ba a yi wa irin wannan labari ado.

"Babu komai a ciki, Baba. A ranar suke gogewa. Wanda suka juye a kwamfuta shi ma ya lalace tun wata uku. Babu muryarta a ko'ina."

Tsohon ya dubi rakodar a hannun Sufeto.

"Sun san haka lokacin da nake zuwa ƙofarsu?"

"Sun sani."

"Ko da an goge, yallaɓai, ai an huta," Kofur ya sa baki, don shi mutum ne mai son a rabu lafiya. "Maganarka ma ta gogu, Baba. Babu wanda zai ji ta."

"A wajenku ta gogu," in ji tsohon. "Ita ta tafi da ita."

Ya tashi, ya lulluɓe keken da yadi, ya saka hularsa. Kofur ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya girgiza masa kai. Suka sa shi a tsakiya suka bi layin, mutane na leƙowa daga shaguna.

A caji ofis suka yi kiciɓis da Ungozoma tana sa hannu a takardar saki. Ta dubi tsohon, ta ce, "Kai dai ba ka iya ɓoye komai ba, sai abin da ya kamata ka faɗa." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Darakta bai janye ƙara ba. Yana bukatar ɓarawo zuwa Juma'a, ya kuma samu wanda ya amsa da bakinsa.

Ɗan sandan da ke kan kanta ya jawo fom ɗin bayani. Suna, shekaru, sana'a. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba? Tsohon ya ce ya ɗauka. Sannan ya matso kusa, ya ce akwai magana ɗaya da yake so a rubuta masa a ƙasa, tunda takardar hukuma ba ta ɓata.

"Ta shafi satar?"

"A'a."

"To babu wurinta. Dangwala nan."

Ya dangwala. Aka kama hannunsa aka wuce da shi ciki, maganar na bakinsa: gaskiya ta faɗa, ita ta sayi keken.