Mai Riƙe da Gadar

Ana gab da kiran magariba Isyaku birkila ya koma wurin gadar da suke ginawa kusa da Ƙofar Ruwa, don ya manta wayarsa. Da la'asar ɗan kwangila ya sa aka kwance katakan da ke tokare da kankaren, alhali kwana tara kacal da zuba shi. Wai gobe Juma'a, a buɗe wa jama'a hanya. Isyaku ya san bai gama kamawa ba, amma ya ja bakinsa ya yi shiru. Haka ya yi shekara huɗu da suka wuce a wata gadar, ta rufto kan maƙwabcinsa, Tanko ɗan dako.

Mutanenmu kuwa da gajen haƙuri, tuni sun ture gangunan da aka tare hanya da su, sun fara bi ta ƙasa.

Isyaku ya shiga ƙarƙashin gadar. Warin ɗanyen siminti. Ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis. Sai ya ji nishi, irin na wanda kaya ya yi wa nauyi.

Wani ne tsaye a tsakiya, da gammo a ka, kan kuma ya tokare gadar. Wannan tsayi ba na ɗan Adam ba ne. Ƙafafunsa sai karkarwa suke.

"Malam Isyaku," muryar ta fito a shaƙe, "wuyana ya gaji."

Muryar Tanko ce.

Tsoro ya kama Isyaku. Yashi ya fara zubo masa a ƙeya.

"Tun la'asar nake riƙe da ita. Zan sauke."

Da rarrafe ya fito. Ya mirgino gangunan, ya tsaya tsakiyar titi ya ware hannuwa. Wani mai adaidaita da ya kwaso mata 'yan biki ya taka birki.

"Malam, lafiyarka kuwa? Ba mu hanya mana."

Bai rufe baki ba ƙasa ta girgiza. Gadar ta zube gaba ɗaya. Babu kowa a ƙarƙashinta.

Tun daga ranar, Isyaku ba ya bari a taɓa katako sai kankare ya cika kwana ashirin da takwas. Sau biyu ana korarsa daga aiki a kan haka.

Injiniyan da ya zo bincike ya taɓa tambayarsa wa ya gaya masa gadar za ta faɗi.

"Wanda shiruna ya kashe," in ji Isyaku.