Wanda Ya Taya Ni Murɗa Noti

Bayan magariba na ari babur ɗin yayana na kama hanyar Kagara, kyamara da madubin hangen taurari ɗaure a baya. Ban gaya wa kowa ba.

Shekara bakwai na yi a Ikko ina koyon hoto. Na dawo Minna na tarar ba a zancen kowa sai Ndayako, abokina na firamare, wanda ko Zungeru bai taɓa wucewa ba. Wai ya ɗauki hoton wani haske mai kama da hayaƙi a sararin sama, ƙasan taurari uku masu jere. Har Barira, wadda a da take jiran wasiƙata, cewa ta yi, "Kai ai hoton biki ka iya."

Ndayako ne ya nuna mini dutsen da yake hawa a hanyar Kagara, inda hasken gari ba ya kaiwa. Ya ce, "Munzali, in ka je ka yi sallama. Gidan wasu ne." Dariya na yi.

Na isa, na hau dutsen ba sallama. Aikin na haƙuri ne. Ka buɗe kyamara minti arba'in, idonka a madubi, kana murɗa notin da ke juya madubin a hankali kana bin tauraro ɗaya. Ka ɗago, hoto ya lalace. Na saita agogon tebur, na duƙa.

Can sai gyare suka yi tsit. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya taso.

Tsakuwa ta motsa a bayana. Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyana.

"Baƙo," aka ce ƙasa-ƙasa, "ba ka gaishe mu ba."

Notin ya goce mini. Tauraron ya fara zamewa. Na tuna fuskar Ndayako, na ƙi ɗagowa.

Wasu yatsu suka kwanta a kan nawa. Dogaye. Busassu. Suka murɗa notin.

Tauraron ya dawo tsakiya, ya tsaya cak.

"Ɗago ka gan mu."

Na ƙi. Agogo na kaɗawa na fizge kyamarar, na gangara da gudu, idona a ƙasa.

Hoton ya fita tas, ya fi na Ndayako nesa ba kusa ba. Mutane suka cika shagona a unguwar Tunga. Ndayako ya daɗe yana dubawa, sannan ya kalli hannuna na dama.

"Mutum ba ya riƙe noti haka," ya ce. "Shekara uku ina gaishe su, ba su taɓa taya ni ba. Me ka ce musu?"

"Ban ce komai ba."

Ya gyaɗa kai kamar mai haddacewa. Shekaranjiya da magariba aka gan shi ya nufi dutsen. Tun jiya matarsa take nemansa.