Kwalbar da Muhibba Ta Fasa

Ka taɓa ganin an hukunta yarinya a kan abin da ba a taɓa danƙa mata a hannu ba?

A falon Hajiya Lantana da ke Nyanya, Muhibba na durƙushe tana gaida uwar saurayinta. Hajiya ko kallonta ba ta yi ba.

"Badaruddeen, wannan ce? Mai awarar bakin tasha?"

"Mama, karatun nas za ta yi."

"Za ta yi dai," in ji ƙanwarsa Lubna, wadda ta yi makarantar kuɗi, ma'aikaciyar banki. "Yaya, faraktikal fa ta faɗi. Kwalba ta fasa ana tsakiyar jarrabawa."

Hajiya ta taɓe baki. "Gida a Abuja ba ya zaunuwa da albashi ɗaya. Ba za ka ɗauko mana kaya ba."

Muhibba ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga. Ba ƙarya Lubna ta yi ba. Makarantarsu ta ƙauye ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. A allo malam yake zana kwalaben da alli, su kwafa. Sai ranar jarrabawa aka aro kayan daga wata makaranta. A ranar ne ta fara riƙe kwalba, hannu na rawa, ta suɓuce mata. Da ita gurbin karatun ya tafi.

"Mama, ki bari ta sake zaunawa jarrabawar," in ji Badaruddeen.

"In ta sake faɗi, kada in ƙara jin sunanta!"

Badaruddeen malami ne a wata makarantar kuɗi. Ya roƙi oga, aka yarje masa ya riƙa buɗe ɗakin gwaje-gwaje ranar Asabar. Muhibba ta ajiye kaskon awara, ta riƙa zuwa tana aunawa tana zubawa, Lubna na yi mata habaici a waya, tana shanyewa. A hankali hannun ya daina rawa.

Ta ci. Makarantar nas ta ɗauke ta, Hajiya ta tura a kai gaisuwa. Ranar da Muhibba ta fara aiki a asibiti, Hajiya ta kalli farar rigarta ta ce, "Ashe kan yana ja. Kayan gwajin ne babu."

Haƙurin Muhibba ya biya ta, amma ƙannenta na can suna kwafar kwalba daga allo. Gobe ka taka makarantar unguwarku, ka ce a nuna maka ɗakin gwaje-gwaje. In babu, ka tambayi kansilanku dalili.