Fiton Ƙarshe

Likita ce ta ce a riƙa fita da Baba shan iska. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta tafi da hannunsa na dama, ta tafi da bakinsa gaba ɗaya. Ko "ruwa" ba ya iya cewa. Yayana ya aiko da keken guragu daga garin da yake aiki, tun daga ranar kuma ya zama babban likita a waya: a yi kaza, kar a yi kaza. Tura keken dai aikina ne.

Ranar da abin ya faru na makara a shagona na ɗinki, wata mata ta tsare ni a kan wuyan riga kamar a kansa za a yi mata hisabi. Sai da rana ta yi ja na tura Baba zuwa sabon lambun shaƙatawa na bakin kogi.

Wata uku da buɗe shi. Ciyawa shar, hanyar siminti mai santsi, lilon yara, bencina da har yanzu suke warin fenti. An jera fitilu a gefen hanya, irin masu kunna kansu in mutum ya gifta. Ga gadar masu tafiya a ƙasa, siririya, ta tsallaka zuwa ɗaya gefen inda dogayen benaye masu gilashi suka tashi. Da can wurin nan bola ce da rumfunan kwano, ko kare ba ya son bi. Yanzu 'yan mata na ɗaukar hoto.

A nan Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana fito da kwale-kwale, kafin a gina gadar mota a rufe mashigin. Ina yarinya nakan zauna a bakin ruwa in jira shi. Kullum in rana ta faɗi, bayan ya sauke fasinjan ƙarshe, sai ya sake tsallakawa shi kaɗai. Babu kowa a jirgin, amma sai in ga ya lume har ruwa ya kusa taɓa bakinsa, Baba yana tuƙi yana gumi. Sau ɗaya na tambaye shi.

"Su ma suna da gidaje, Uwata," ya ce. "In suka kira har ka amsa, to dole ka kai su. Ba a dai waiwaye."

Na ɗauka irin zolayarsa ce. Baba mutum ne da zai ce maka kifi ya gaishe shi, fuskarsa ko gezau.

Mai gadi ya wuce mu yana busa usur. "Malama, saura minti goma mu rufe." Iyaye suna janye yara daga lilo. Na juya keken zan nufi ƙofa.

Sai iska ta tsaya.

Warin fenti ya ɓace. Wani wari ya taso, na laka da jiƙaƙƙiyar igiya da tsohon katako. Na san shi. Warin rigar Baba ne in ya dawo daga aiki.

Daga ƙasa, wajen gangaren siminti da ya sauka har cikin ruwa, daidai inda tsohon mashigi yake, wata murya ta ja kira a hankali.

"Mai fitooo."

"Ina zuwa," in ji Baba.

Na zagayo na durƙusa a gabansa. Shekara biyu ina wanke shi, ina ba shi abinci a baki, ina yi masa hira ni kaɗai kamar mahaukaciya. Wallahi a lokacin ban damu da wanda ya kira ba. Murna ce ta rufe ni, ina kuka ina dariya, ina laluben waya don in ɗaukar wa Yaya muryarsa.

"Baba, sake faɗi. Don Allah, ko kalma ɗaya."

Bai dube ni ba. Idonsa na kan gangaren.

A nan na yi wautar. Na ce a raina, tunda ruwa ne ya buɗe masa baki, bari in matsar da shi kusa. Na tura shi har kan gangaren, na danna birki.

Fitilar da ke can ƙasa, a bakin ruwa, ta kama.

Babu kowa a ƙarƙashinta.

Ta biyu ta kama. Ta uku. Hasken yana hawowa wajenmu, da saurin mai tafiya da kaya a kai. Ina jin takun ƙafafu jiƙaƙƙu a kan siminti, cafal, cafal, ba na mutum ɗaya ba.

"A shigo a hankali," Baba ya ce, da muryarsa ta da. "Yara a tsakiya."

Keken ya yi ƙara. Na ga tayoyin suna lotsewa. Ƙarfen hannun keken ya yi sanyi a tafina, ya jiƙe. Bargon da ke cinyar Baba ya lotsa a wuri biyu, kamar an ɗora masa ƙananan yara.

Sai keken ya fara sulalewa.

Birkin a danne yake. Tayoyin ba sa juyawa, jan su ake yi, roba na kuka a kan siminti. Na rungume hannun keken na kafa ƙafa. Ya ja ni taku ɗaya. Biyu. Takalmina ɗaya ya fita. Hannun Baba na hagu, mai lafiyar, yana sama da ƙasa a gefen keken, yana tuƙi.

Ruwan bai fi taku goma ba. Baƙi ƙirin, ba ya ko motsi. Mutumin da ko tsayuwa ba ya iya yi, in ya shiga nan ba zai fito ba.

Na buɗe baki in kira mai gadi. Iska kawai ta fito.

Taku bakwai.

Ta gefen idona na hango bakin gadar, a hannun dama, a tsakiyar gangaren. Dole a kai su, haka ya ce. Amma bai ce dole sai ta ruwa ba.

Na saki birkin taya ɗaya. Keken ya juya da ƙarfi, ya kusa kifewa, ƙarfe ya daki gwiwata. Na saki ɗayan, na sa kafaɗa, na tura da duk abin da Allah ya ba ni. Tayar gaba ta hau katakon gada.

Ban taɓa tura nauyi irin wannan ba. Kamar an ɗora mini lodin mota.

Gadar na amsa takun da ba nawa ba. A gabana, a bayana, a gefena. Numfashi mai sanyi a wuyana. Wani ƙaramin hannu ya kama gefen mayafina, yadda yaro ke riƙe uwarsa a kasuwa.

"Kar ki waiwaya," Baba ya raɗa.

Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, rabi-rabi.

A tsakiyar gada keken ya tsaya cak. Takun ma ya tsaya. Wata tsohuwar murya ta yi magana dab da kunnena, warin laka na fita tare da ita.

"Wannan ba jirgi ba ne."

Ƙarfen gefen gadar ya fara girgiza. Keken ya soma karkata wajen ruwa.

"Na zamani ne," Baba ya ce a hankali. "Ku yi haƙuri. An daɗe ana jira, na sani."

Na ƙanƙame hannun keken.



Sai ƙaramin hannun ya ja mayafina gaba.

Na tura.

Ban san yadda na ƙarasa ba. Tayar na taɓa ƙasar ɗaya gefen, nauyin ya tashi gaba ɗaya, na kife a kan gwiwoyina. Ina kallo fitilun wancan gefen suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, suna nisa, suka shige tsakanin benayen gilashi. Sun daɗe suna wucewa.

A nan mai gadi ya same mu da tocilarsa, yana faɗa a kan lokacin rufewa. Da ya haska keken sai ya haɗiye sauran maganar. Tayoyin biyu sun lanƙwashe, kujerar ta jiƙe sharkaf, laka har kan bargo. Ya tare mana mota, ya kama muka ɗaga Baba.

A gida na wanke shi, na sauya masa kaya, na zauna a bakin gadon.

"Baba, ba za ka ƙara zuwa wurin nan ba. Su yi ta kira."

Hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa mai motsi.

"Ba ni za su kira ba, Uwata," ya ce. "Wanda ya tuƙa ake kira."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan har yau. Da na gaya wa Yaya, cewa ya yi gajiya ce, in riƙa shan ruwa da yawa, zai aiko da sabon keke.

Yanzu tun la'asar nake rufe shago. Tsakaninmu da kogi akwai tituna shida, amma da rana ta faɗi ina jin kiran, ko na kunna rediyo, ko na rufe tagogi. Sai in shiga ɗakin Baba in zauna kusa da shi. Ba na ƙara roƙonsa ya yi magana.

Kwana arba'in da ɗaya ban amsa ba. Jiya muryar da ta kira ta ƙaramar yarinya ce, kuma kuka take yi. Na ji bakina ya buɗe da kansa. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya toshe mini baki, muka zauna a haka har duhu ya gama shiga.