Turke a Gonar Malam Ɗahiru

A damunar 1998 Dikko ya fara ganin Furera, a bakin gonar mahaifinta kusa da Doguwa. Yana cikin ma'aikatan da aka turo shata burtalin shanu, riƙe da wata na'ura mai kama da rediyo wadda tauraron ɗan'adam ke gaya wa inda mutum yake tsaye.

Ta ce, "Ɗan Fillo, rediyon naka ba ya waƙa ne?"

"Muryarki ya ji, kunya ta kama shi."

Magana ta yi nisa tsakaninsu, har manya sun sani. Sai na'urar ta ce burtali ya ratsa tsakiyar masarar Malam Ɗahiru, mahaifinta. Ogan su Dikko ya auna sau ɗaya, ya sa aka kafa turke. Wannan ganganci ne, ba aiki ba.

Maikano, maƙwabcin gona da ya daɗe yana son Furera, ya samu abin faɗa wa Malam Ɗahiru.

"Baba, na'urar Turawa ba ta kuskure. Dikko ne ya murɗa ta don shanun danginsa."

Malam ya aika wa Dikko kada ya sake taka ƙofar gidansa.

Furera ta tare shi a hanyar rijiya, idonta jajir. "Dikkona, kai ka yi?"

"Wallahi a'a, Furena. Na'urar takan kauce da tsawon filin ƙwallo. In na faɗa a fili, Oga zai kore ni."

"In ka yi shiru, Baba ya rasa gona, kai ka rasa ni."

Ranar Juma'a Dikko ya roƙi dattawa suka je gonar. Ya tsaya jikin turken, ya miƙa wa Maikano na'urar.

"Riƙe da hannunka. Bi kibiyar da ke jikinta, za ta kai ka wurin turke."

Ga turke a gabansa, amma kibiya ta ce gabas. Maikano ya bi, yana gumi, har ya tsinci kansa a tsakiyar dawarsa.

Malam Ɗahiru ya ɗaga murya: "Maikano, a kai turken cikin dawarka ne?"

"Baba, ai... takan yi kuskure."

Dattawa suka mai da burtali kan tsohuwar iyakarsa. Oga ya sallami Dikko a ranar, bai ko saurare shi ba.

Da yamma Malam ya kira shi zaure. "Ba ka da aiki yanzu?"

"Babu, Baba."

"Akwai fartanya. Turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai faɗin gaskiya ko da za ta ci albashi.