Ƙullin da ke ƙafar magen Edna

Da safiyar Talata Edna Thackray ta tsinci magenta a bakin ƙofa, ƙafafun gaba ɗaure da tsumma, jini ya jiƙa shi sharkaf. An tuge mata farata kaf. A garinmu Grimsby na Ingila wannan laifi ne mai kai mutum kotu.

Saje Maureen Oxtoby ce ta zo bincike, ni kuma maƙwabci na bi ta. Sunana Wilf, shekara arba'in a jirgin kamun kifi, sau biyu jirgi na nutsewa da ni ina fita. Ban san ko harafi ɗaya ba, amma idona ya fi na masu digiri.

Ta fara da mai gidan da Edna ke haya.

"Kai ka ce za ka kore ta saboda magen na yakushe ƙofofi?"

"Na faɗa, Saje. Amma yanzun nan na dawo daga ƙasar Sifen. Ga tikitina."

Muka wuce wurin likitan dabbobi. Ya duba ƙafafun magen, ya girgiza kai.

"Da filaya aka yi wannan. Kuma wane likita ke ɗaure ciwo da zaren komar kamun kifi?"

Na karɓi tsumman na juya shi. Na ƙura wa ƙullin zaren ido.

"Baba Wilf, yau kai ne shiru?" in ji Saje. "Ko in kira maka motar asibiti?"

"Ƙullin masu gyaran koma ne," na ce. "Kowa a garin nan zagaye biyu yake yi. Ni kaɗai ke ƙara na uku, tun da sanyi ya cinye mini yatsu biyu. Mutum ɗaya na koya wa."

Muka tarar da ɗana Clive a falonsa, bayan gidan Edna, ya rufe hannun kujera da bargo. Saje ta yaye bargon. Sawun yakushi ne rututu.

"Baba, kujerar fata ce fa, sabuwa fil! Ta taga magen take shigowa."

"To rufe tagar mana! Ko ka naɗa igiya a gungume ka ajiye mata ta yi ta yakushi. Ga igiya nan cike da ɗakin ajiyata."

"Yanzu a kan mage za ka ba da ɗanka?"

"Na riga na bayar."

Da yamma na je gidan Edna, hula a hannu. Ba ta zage ni ba, ba ta ma dube ni ba.

"Ɗora magen kan gado, Wilf," ta ce. "Tun ɗazu take gwadawa, ba ta iya hawa."