Rokar Lado da Jar Dawar Inna

Lado yaro ne mai yawan kallon sama. In an aike shi sayen gishiri, sai ya tsaya a hanya yana bin gajimare da ido, har miya ta gaji da jira. Kakarsa Inna takan tsokane shi ta ce, "Maigidan nan nawa, ƙafa a ƙasa, kai a wata."

Suna zaune a wani sabon ƙauye a ƙasar Bebeji. Nan aka dawo da su bayan ruwan madatsar Tiga ya shanye tsohon garinsu. Gidansu da rijiyarsu da tsamiyar ƙofar gida duk suna ƙarƙashin ruwa.

Abin da Inna ta fi ji da shi cikin kayan da suka taso da su shi ne ɗan damin jar dawa daga gonar marigayi mijinta. Ta rataye shi a rumfar tsakar gida, tana jiran damina ta shuka. Duk ƙauyen babu wanda ya rage da irin wannan dawa sai ita.

Shi kuwa Lado yana da buri. Yana ganin in ya hau sama can, zai leƙo ya hango tsohon gari ta cikin ruwa, kamar tsakuwa a gindin ƙwarya. Sannan ya sauko ya gaya wa Inna ko tsamiyarta tana nan tsaye.

Wata rana masunta suna gyaran raga a inuwa, Lado yana zaune kusa da su, sai rediyo ya ba da labari. A wata ƙasa mai nisa an gwada harba wata ƙatuwar roka, mai tsawon da ya fi giginya. Ta tashi kaɗan, sai ta tarwatse.

Nan fa kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya yi dariya har da riƙe ciki. Wani dattijo ya ce ɗan Adam bai gama da ƙasa ba, ina shi ina sama. Lado kaɗai ya ji kamar ya yi kuka.

Washegari a makaranta Malam Isa ya zana rokar a allo, ya yi ta bayani. Amma Lado bai ji ko rabi ba. Hankalinsa ya riga ya wuce gajimare. A ransa ya ce tunda tasu ta ƙi, shi zai gwada tasa.

Ya tara karan dawa, ya ɗaure su tamau, ya kafa gwangwani a gindi. Rokar ta fi shi tsawo. Ran da Inna ta tafi gidan suna, ya cusa tsumma a gwangwanin, ya tsiyayo kananzir daga fitila. Bai gaya wa kowa ba. Ya jingina rokar kusa da rumfa, ya ƙyasta ashana, ya ɗaga kai yana jiran ya ga ta keta sama.

Roka dai ko motsin kirki ba ta yi ba. Ta kama da wuta, ta karkata, ta faɗa kan rumfa. Kafin maƙwabta su iso da tulunan ruwa, rumfar ta cinye, har da damin Inna.

Da Inna ta dawo, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa tana kallon tokar.

"Shi ke nan," in ji ta. "Yau garinmu ya gama nutsewa."

Lado ya ji da dukansa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa yana kuka yana ba ta haƙuri.

Da la'asar Malam Isa ya zo jaje. Ya kira Lado gefe.

"Ka ji abin da na faɗa a aji kan masu rokar nan?"

"A'a, Malam. Hankalina ba ya wurin."

"Na ce a fili suka gwada ta, nesa da gidajen mutane, kuma sai da suka sanar da kowa. Shi ya sa ba wanda ya ji ciwo. Da ta faɗi kuma, ba su gudu ba. Sun bi sun tsince gutsattsarinta, don su ga abin da ya saura."

Lado ya dubi tokar. Sai ya ɗauko rariya da faifai, ya zauna. Ya yi ta tankaɗe yana tsinta, ƙwaya ƙwaya, har yatsunsa suka yi baƙi ƙirin. Yawanci sun ƙone. Amma daga tsakiyar damin ya samu waɗanda wuta ba ta kai gare su ba, cikin tafin hannu.

Da ruwa ya sauka, shi da Inna suka shuka su a bayan gida. Lado ya zama mai gadi. Yana korar awaki, yana cire ciyawa, kuma a karon farko ƙasa yake kallo ba sama ba.

Dawar ta tsiro. Ta yi ta tashi har ta wuce rufin ɗaki. Da kaka ta yi, zangarniyoyi jajaye suna lilo a iska. Inna ta murza ɗaya a hannu, ta shinshina, ta yi murmushi.

"Maigida," ta ce, "ba ka je sama ba, amma ka ɗauko mini garinmu daga ƙarƙashin ruwa."

Ta ba shi karan duka. Ya sake yin wata rokar, wannan karon a filin makaranta, tare da Malam Isa, kuma babu ashana.

Buri abu ne mai kyau, yara. Amma kada ku yi wasa da wuta, kuma kada ku gwada abu a ɓoye ba da sanin manya ba. In kuwa kun yi kuskure, ku tsaya ku gyara.